Takardar Sallamar Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kai da Inna da Anti da yara. Ya kunnen? Allah ya sa maganin ɗigawar nan ya rage maka ƙarar. Tunda waya ba ta yi maka daɗin ji, mu ma a nan sai mutum ya hau kan tankin ruwa kafin ya samu sabis, na ga gara mu koma takarda. Direban da ke kawo mana taki yana bi ta gaban ma'ajiyar da kake gadi duk Talata, ya ce zai riƙa miƙa maka.

Yau kwanana goma sha biyu a cibiyar. Mu talatin da huɗu ne, duk sojojin da aka sallama cikin shekaru biyar ɗin nan. Wata shida za a yi ana koya mana noman lambu, kowa da ɗan filinsa na gwaji. Wanda ya kammala za a ba shi eka biyu a bakin kogi, da injin ban ruwa, da iri.

Ranar farko, ba wanda ya ce mu yi layi, sai ga mu mun jeru kamar ana shirin fareti. Malamar gona ta fito ta gan mu, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Ku saki jikinku, tumatir ba ya buƙatar a sara masa."

Kowannenmu an haɗa shi da manomin da zai riƙa duba shi. Ni na samu wani dattijo, Baba Mai Lambu ake ce masa. Ya kama tafin hannuna ya jujjuya, ya ce kantar da ke jiki ba a wurin da ya dace take ba, amma za ta matsa. Yaya, mutumin nan yana ɗibar ƙasa ya murza ya gaya maka yaushe rabonta da ruwa. Tunda na zo ina samun barci, abin da na shekara biyu ban samu ba.

Ka karanta wa Inna.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda ka san shi, na dama ya yi ritaya, na hagu yana aiki rabin rana. Inna ƙafar ta yi sauƙi. Na karanta mata takardarka sau uku, sannan ta sa babbar 'yata ta sake karanta mata, wai ni ina tsallake wasu wurare. Yanzu duk wanda ya shigo gidan nan, ko mai karanta mitar wuta ne, sai ya ji labarin eka biyu.

To, madalla. Allah ya sanya alheri. Ashe yanzu haka ake yi wa soja. Shekara takwas ka yi ka fito Kofur, an tarbe ka da fili da inji da malama mai dariya. Ni shekara ashirin da biyu na yi, na fito Saje, aka miƙo mini takarda ɗaya aka nuna mini ƙofa. Ko ƙotar fartanya ba wanda ya ba ni. Shekara tara ke nan. Da na san haka ne da na jira ku.

Ba ka tambaye ni aikina ba, amma bari in gaya maka. Ina da kujerar roba mai ƙafa uku da rabi, na tokare ta da bulo. Mota ta zo in buɗe, ta shiga in rufe. Manajan bai kai ka shekaru ba. In ya yi magana ban ji ba sai ya tafa hannu a gaban fuskata. Ka ga ni ma ana koya mini sabuwar sana'a.

Na ga kuma ka samu sabon uba. Ka gaishe shi. Ka tambaye shi ko yana iya murza ƙasa ya gaya maka wanda ya goya ka zuwa asibiti shekarar da mahaifinmu ya rasu, da wanda ya koya maka ɗaure igiyar takalmi kafin ka shiga bariki.

Ka kula da bayanka, sunkuyo ba wasa ba ne.

Yayanka

*

Yaya,

Barka da war haka. Ina lafiya, bayan ne dai ya gaya mini gaskiyarka. Ka gaida Inna, ka ce mata na yi ƙiba. Na yi dariya da maganar sabon uba. Na gaya wa Baba Mai Lambu, ya ce in ce maka shi aro kawai ya ɗauka, zai mayar.

Mun yi dashe makon jiya. Tumatir layi goma sha huɗu, albasa shida, sai ɗan barkono a gefe. Na so in dasa su a miƙe sak kamar sahun fareti, Baba ya ce ruwa ba ya bin umarni, gangare yake bi, sai da muka sake jan layukan. Da safe in na buɗe ruwa ina tsayawa in ga yadda yake bin hanyarsa daga wannan layi zuwa wancan. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Baba ya ce cikin duk waɗanda aka taɓa ba shi, ni ne na fi saurin ɗauka.

An riga an nuna mana filayen da za a ba mu. Nawa yana da bishiyar mangwaro a kusurwa. Akwai wani a jikin nawa, wanda aka ware wa ya fasa ya koma wurin iyalinsa. Ƙasar wurin ta ma fi tawa kyau, kuma ba na so ya wuce mu. Don Allah ka ba direba takardar sallamarka ta asali ranar Talata mai zuwa, da hotonka guda biyu. Kada ka tambaye ni komai tukuna, in abin ya yiwu za ka ji. Zan kula da ita kamar idona.

Direba yana ta danna hon, bari in tsaya nan.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya.

Na karanta takardarka a bakin ƙofa, na sake karantawa a gida, don kada in zalunce ka. Abin da na gani da farko shi na sake gani. Eka biyu ba su ishe ka ba, kana son huɗu. Dokar wurin ta ce mutum ɗaya fili ɗaya, sai ka tuna kana da wani kurman yaya da ke da takarda a akwati ba ta aikin komai. A sa sunana a fili, kai ka noma, Babanka ya yaba maka. Shi ya ba ka wannan dabarar ko kai ka ƙago?

"Ba na so ya wuce mu." Mu su wa? Kai da dattijon?

Takardar nan ita kaɗai na fito da ita. A cikin leda biyu take, ko Antinka ba ta taɓa ta. Abin da ya rage mini ke nan da ke nuna na taɓa zama wani abu kafin kujerar roba. Ita ma kake so. Ka ɗauke Inna, don yanzu ba ta da zance sai naka, a gidana, a kan tabarmata. Ƙaramin ɗana da ke cewa zai zama Saje kamar babansa, jiya na same shi yana haƙa tsakar gida da cokali, wai shi Kawu ne.

Ba zan aiko ba. Kada ka sake tambayata.

Wanda ya fi saurin ɗauka, Allah ya ƙara basira.

Yayanka

*

Yaya,

Na gaishe ka. Jikina lafiya, raina ne ba lafiya ba. Ban taɓa zaton za ka ɗauke ni ɓarawo ba.

Filin naka ne nake nema. Naka, kai ka noma, kai ka ci. Tun makon da na zo nake bin Malama a kan maganarka. Ta ce doka shekara biyar ce, kai kuma ka yi tara. Na koma, ta ce ba ta da iko. Na sake komawa na gaya mata yadda ka rasa kunnenka, sai ta ce akwai gurbi ɗaya da ake barin wa waɗanda suka fito da rauni, ko da sun daɗe, in za su kawo takardar asali. Su ba sa jiran wata shida, nan take ake ba su fili da inji. Da wancan mutumin ya fasa, ta kira ni da kanta. Har ɗaki mai ciki da falo akwai na masu iyali, kuma makarantar yara ba ta da nisa.

Na ɓoye maka ne saboda na san ka. Sau biyu aka taɓa yi maka alkawarin aiki aka fasa, na ga yadda ka koma. Na ce sai ta tabbata. Laifina ke nan, na yarda. Dattijon da kake zargi kuwa shi ya raka ni ofis a karo na uku, ya ce zai ɗauke mu mu biyu.

Ranar ƙarshe ita ce ashirin da takwas ga wata. Talata biyu suka rage. Ka yi fushinka da ni yadda kake so, amma ka ba direba takardar.

Auta

*

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Talata uku ke nan direba yana dawowa hannu sake. Ya ce ka karɓi takardata ka sa a aljihu kawai. Ko Inna ce ba lafiya kuke ɓoye mini?

Ba ni da labari mai daɗi. An saki ruwan madatsa ba tare da an sanar da mu ba, kogi ya hau ranar Alhamis da hantsi muna cikin aji. Kafin mu isa ya shanye filayen gwaji na ƙasa-ƙasa, nawa a ciki. Kwana biyu ruwan yana kwance. Tumatir ɗin da ya fara fure duk ya tafi, albasa ta ruɓe, layi biyu na barkono kawai suka tsira. Na tsaya cikin laka har gwiwa ina cire su ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka a fagen daga ba, Yaya, amma na yi a kan tumatir. Malama ta ce dole mu shida da ruwan ya shafa mu sake daga farko, in ba mu kai ga girbi kafin wata na shida ba, sai dai mu jira rukuni na gaba.

Ɗaya maganar kuma ta wuce. An bai wa wani.

Kada ka gaya wa Inna batun ruwan.

Auta

*

Auta, ƙanina,

Inna lafiyarta lau, kowa lafiya. Ni ne dai, kuma ba ciwon da likita zai gani ba ne. Ka zauna kafin ka karanta, don zan gaya maka abin da ban gaya wa Antinka ba.

Takardarka ta kafin wannan ban buɗe ta ba. Na ce ban haƙuri ne da daɗin baki, ba na bukata. Na jefa ta cikin aljihun rigar aiki, ta yi mako uku a wurin. Da ta jiya ta zo, na ji ta ba nauyi, sai na buɗe ta ina zaune a kan kujerata.

Na karanta labarin ruwan. Auta, na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi. Wani sanyi ya sauko mini a ƙirji, har na ji bakina yana motsi zai yi murmushi. Na ce a raina, yau dai Inna za ta huta da zancen eka biyu, yau wanda ya fi saurin ɗauka ya ɗauki laka. Kana tsaye cikin ruwa kana kuka, yayanka uwa ɗaya uba ɗaya yana bakin ƙofar mutane yana jin daɗi.

Sai na kai layin da ka ce an bai wa wani. Ban gane ba. Na laluba aljihu na ciro tsohuwar, duk gumi ya jiƙa ta, na buɗe.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Wata babbar mota ta zo tana ta hon, ban tashi ba, kuma wannan karon ba kunne ba ne. Manaja ya fito ya tafa mini hannu a fuska. Na miƙe na buɗe, na rufe, na zagaya bayan ɗakin gadi na zauna a ƙasa.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ne. Tun takardarka ta farko nake ƙyashinka. Ina ƙyashin filin, ina ƙyashin barcin da kake samu, ina ƙyashin dattijon da ban taɓa gani ba don ya kama hannunka. Ni na saba in zama wanda kake kallo. Da na ga kana kallon wani wuri, kuma wurin ya fi ni kyau, sai na fara fatan ya lalace. Ga shi ya lalace, kuma nawa na lalata da hannuna. Ɗaki mai ciki da falo. Antinka shekara tara tana girki a baranda.

Ban san da wane baki zan ce ka yafe mini ba. Na rubuta dai. In ba ka amsa ba, mako uku ne nawa, kai ka ɗauki shida.

Yayanka

*

Yaya,

Na gode Allah da Inna lafiya. Ni ma lafiya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, da na karanta na yayyaga ambulan ɗin na yi jifa da shi. Baba ya ga yadda nake sarar ƙasa ya ce in gaya masa wanda nake sara. Ban gaya masa ba. Wannan tsakanina da kai ne.

Tunda ka faɗi taka, ga tawa. Kana tsammanin don me na shiga soja? Hotonka da kaki ya shekara ashirin a bangon ɗakin Inna. Duk abin da na yi sai ta ce, "Yayanka a shekarunka ya riga ya yi kaza." Na shiga don in kamo ka, ban kamo ka ba, na fito da igiya biyu da mugun mafarki. Da na rubuta maka cewa Baba ya ce na fi kowa saurin ɗauka, na san zai sosa maka rai. Na rubuta ne don ya sosa. Sau ɗaya a rayuwata na samu abin da ba ka riga ni ba, na so ka ji. Ban san zai kai mu nan ba.

Yafiya na yafe. Amma filin ya tafi, wannan ba ni da yadda zan yi. Malama ta ce ba ta san ko za a sake buɗe irin gurbin ba. Ta yi fushi da ni, don ta tsaya mini a gaban manyanta.

Abin da nake bukata yanzu hannu ne. Irin da muka sake reno zai isa dashe nan da kwana goma, layi ashirin, ga bakin fili da za a ɗaga don kada ruwa ya sake hawa. Ni kaɗai ba zan gama a kan lokaci ba, Baba kuma yana da wasu mutum biyu da ruwan ya shafa. An yarda ɗan'uwa ya zo ya taimaka. Ka nemi hutun mako biyu. Ka zo da tsohon takalmi da hular rana. A nan ni ne babba, ka sani tun daga gida.

Auta

*

Auta,

Na iso gida lafiya, direba ya sauke ni a bakin titinmu. Inna ta karɓi barkonon ta ƙi bari a taɓa, ta zuba a faranti tana nuna wa baƙi. Na ce mata layin da aka tsinko shi ni na yi masa ciyawa, ta ce to, sannu, ta ci gaba da zancenka. Bayana ya ƙi miƙewa, Antinka tana ta yi mini dariya, wai na tafi Saje na dawo alamar tambaya.

Ka gaida Baba. Na je da niyyar in ƙi shi, ya hana ni. Kwana goma sha huɗu bai taɓa sa na ce "me ka ce?" ba. Tun ranar farko ya lura, ya koma tsayawa ta hagu. Har yanzu ina jin haushin yadda kake dariya in ya yi magana tun kafin ya kai ƙarshe, amma wannan matsalata ce.

Yanzu ga abin da ban gaya maka ba kafin in taho. Ranar da ka tafi karɓo taki, na tsallaka filin nan na jikin naka. Na ce bari in ga abin da na zubar, in ga kuma wanda ya tsinta. Na same shi yana ƙoƙarin tayar da inji. Hannu ɗaya gare shi, Auta, ba ka gaya mini ba. Ya taka injin da ƙafa yana jan igiya, tana kuɓuce masa. Na tsaya ina kallo, a raina ina cewa dubi wanda aka bai wa ƙasata. Ya ja sau shida. A na bakwai na kasa, na je na riƙe masa.

Muka zauna a inuwa. Direban motar yaƙi ne, 'ya'yansa biyar. Ya ce ya san ko ni wane ne, duk cibiyar an san labarin Sajen da bai aiko da takarda ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya ce shi eka biyu sun fi ƙarfin hannu ɗaya, matarsa kuma ba ta da lafiyar sunkuyo, ya rasa wanda zai yarda da shi. Ya ce in zan zo mu haɗa, mu noma tare mu raba amfanin biyu, shi ya riga ya tambayi Malama ta ce ba ta hana ba, sai dai filin da sunansa zai zauna, kuma ɗakin nasa ne. Ya ce, "Kai kunne ɗaya, ni hannu ɗaya, in muka haɗu mun kusa cika mutum."

Ban amsa masa ba. Girman kai ya hana ni. Ni da aka nema wa filin, in dawo ina noma a ƙarƙashin sunan wani? Da wannan na hau mota, da shi na sauka. Jiya na koma bakin aiki. Na zauna a kujerar, mota ta zo na buɗe, ta shiga na rufe. Kafin azahar na shiga ofishin manaja na ce masa ƙarshen wata zan ajiye. Ya faɗi wata magana ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Na gaya wa Antinka komai, har da abin da na ji ranar labarin ruwa. Ta yi kwana ɗaya ba ta kalle ni ba. Yau da safe ta ce in tambaye ka ko ana samun hayar ɗaki kusa da makarantar. Ni zan fara zuwa, su biyo ni, su da Inna, in an yi hutu.

Ka je ka gaya wa mutumin na amince. Ka ce masa albasa za mu fi yawaitawa, na ga ƙasar tana sonta.

Kuma kada ka ɗauka na warke. Da na tsaya a gefen filinka ranar da muka gama dashe, na ga layukan nan ashirin sun yi kore, abin ya sake motsa mini a ƙirji. Yana nan. Sai dai yanzu na samu inda zan kai shi. Ka shirya, Kofur, albasarmu sai ta fi taka girma, kuma a gaban Inna za a auna.

Yayanka